Bin Sawun Kyaftin Abraham Lincoln, Manomin da Aka Harbe a Dajin Kentucky

A watan Maris na 1848 wani mutumin garin Hingham a jihar Massachusetts, Solomon Lincoln, wanda ya daɗe yana tono tarihin garinsu, ya nemi sanin ko akwai jini tsakanin Lincoln ɗin garinsu da wani sabon ɗan majalisar wakilai daga Illinois. Ɗan majalisar kuwa shi ne Abraham Lincoln, saura shekara 13 ya hau mulkin Amurka. Amsar da ya aika ba ta da tsawo. Sunan mahaifinsa Thomas, sunan kakansa Abraham, takwaransa. Kakan ya tashi daga gundumar Rockingham ta Virginia ya koma Kentucky wajejen 1782, bayan shekara biyu 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa ke kira Indiyawa, suka kashe shi. Akwai kuma ƙishin-ƙishin a gidansu cewa mahaifin kakan daga Pennsylvania ya zo, kuma ɗan ɗariƙar Kiristoci ta Quaker ne. Iyakar abin da ya taɓa ji ke nan. Ya ma faɗi dalili: mahaifinsa ya zama maraya yana ɗan shekara shida, cikin talauci, a baƙuwar ƙasa, bai yi karatu ba, tarihin gida ya bi iska.

Wannan kakan shi ne mutumin da ake nema a nan. Ba shahararre ba ne. Ɗaya ne cikin dubban manoman da suka tsallaka tsaunukan Appalachia ta mashigin Cumberland, suna bin hanyar da shahararren maharbi Daniel Boone da mutanensa suka sare a 1775, suna neman ƙasar noma mai araha. Da jikansa bai zama shugaban ƙasa ba, da babu wanda zai kakkaɓe ƙurar kundin kotu saboda shi. Amma da yake an tona lamarinsa ƙasa da sama, a nan ne mutum zai ga abin da labarin baka ke riƙewa gam, abin da yake saki, da abin da takarda kaɗai ke iya gyarawa.

Abin da gidan ya riƙe shi ne labarin mutuwar. A wasiƙarsa ta 1854 ga wani ɗan'uwansu da ke Tennessee, Lincoln ya ce babu labarin da ya zauna masa a rai kamar na kisan kakansa da yadda baffansa Mordecai, yana ɗan shekara 14, ya harbe ɗaya daga cikin maharan. Yadda 'yan gidan ke bayar da shi ke nan: uban yana aiki a gona da 'ya'yansa maza uku, sai aka harbe shi daga cikin itatuwa. Mordecai ya ruga bukkar katako inda bindiga take. Josiah ya sheƙa tungar Hughes, sansanin da maƙwabta suka kewaye da gumagumai, neman agaji. Ƙaramin, Thomas, ya tsaya kusa da gawar ubansa. Wani mutum ya fito daga daji ya nufo wurin. Mordecai ya zura bakin bindiga ta tsakanin gumaguman bango, ya auna wani adon azurfa da ke rataye a ƙirjin mutumin, ya danna kunama.

Labari ne mai sunaye, mai motsi, har da ɗan adon azurfa. Shekara ce ba shi da ita.

Mai neman mutum irin wannan a takarda sai ya fara sanin cewa ƙasar kanta ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Gundumar Rockingham da Lincoln ya ambata a 1778 aka yanke ta daga Augusta, don haka duk abin da ya faru kafin nan a kotun Augusta yake, a garin Staunton. Kentucky kuwa ba jiha ba ce sai 1 ga Yuni 1792. Kafin nan yanki ne na Virginia. A 1780 aka raba ta gida uku: Jefferson, Fayette da Lincoln. Wannan ta ukun tarko ce ga baƙon mai bincike, domin sunan Janar Benjamin Lincoln aka sa mata, ba na gidan manomin ba. Daga Jefferson aka fitar da Nelson, daga Nelson aka fitar da Washington da Hardin. Iyali na iya kwana a bukka ɗaya shekara goma, takardunsu su warwatsu a kotu uku.

Sannan hukuma ba ta rubuta haihuwa da mutuwa a wancan zamani. Takardun ƙidayar jama'a ta 1790 na Virginia da Kentucky sun salwanta, sai dai a koma jerin masu biyan haraji. A watan Yunin 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka loda kundin Rockingham a keken doki don a tserar da shi, sojojin Arewa suka cim masa a hanya suka cinna masa wuta. Abin da aka tsamo, wasu shafukan rabinsu toka ne. Ga kuma rubutun suna. Magatakarda na rubuta abin da kunnensa ya ji, shi ya sa a takardun filaye mutumin yake fitowa a matsayin Linkhorn. Wanda ya buɗe jerin sunaye yana neman Lincoln kaɗai zai rufe littafin ya rantse babu shi.

Abin da ya ceci binciken shi ne ƙasa. Manomi zai iya rayuwa ya mutu ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, amma ba zai sayi gona ko ya sayar ba sai da takarda, da shaidu, da sa hannun matarsa.

A 1768 wani John Lincoln ya sayi eka 600 a bakin rafin Linville, a kwarin Shenandoah. A 1773 ya yankar wa babban ɗansa Abraham eka 210. Abraham ɗin an haife shi a 1744 a Pennsylvania, ya zama kyaftin a rundunar mayaƙan sa-kai ta gunduma, daga nan laƙabin ya bi shi. A wasiƙa ta biyu da shugaban ya aika wa Solomon a 1848 ya ce yana jin kakansa na da 'yan'uwa maza huɗu: Isaac, Jacob, Thomas da John. Takardun gidan John na Linville suka fito da waɗannan huɗun, babu ƙari babu ragi. Ɗan maraya, wanda ya ce bai san komai ba, ya riƙe sunaye huɗu daidai bayan shekara sittin da 'yan kai.

Ranar 18 ga Fabrairu 1780 Abraham da matarsa Bathsheba suka sayar da gonarsu, kimanin eka 250, a kan fam 5,000. Kada adadin ya ruɗi kowa. Kuɗin takardar Virginia ne na lokacin yaƙin neman 'yanci, darajarsa na zubewa kullum. Wanda ke da hankali ba ya kwana da irin wannan kuɗi, sai ya juya shi. Ranar 4 ga Maris, mako biyu bayan cinikin, ya biya fam 160 a ofishin filaye aka ba shi takardar izinin eka 400, a farashin hukuma na fam 40 kowace eka 100. A ƙarshen Mayun shekarar aka shigar da filin a littafin Kentucky, a kusa da rafin Floyd's Fork, gabas da inda Louisville take. Ya kuma kama wasu filayen, har da eka 800 a kogin Green.

Yaushe iyalin suka tashi? Wata ƙaramar ƙa'ida ce ta ba da amsa. A dokar Virginia, mace na da haƙƙin sulusin gonar mijinta idan ya mutu, don haka ciniki ba ya kammala sai an keɓe ta an tambaye ta ko da yardarta aka sayar. Ba a yi wa Bathsheba wannan tambaya ba sai a Satumba 1781, kuma a Rockingham aka yi. Ke nan mijin ya fara zuwa ya ga wuri ya dawo, iyali suka biyo baya. Shekarar 1782 da jikan ya faɗa ta zauna daram.

Ta mutuwar ce ba ta zauna ba. Shugaban ya ce wajejen 1784, ya maimaita haka a ɗan tarihin kansa da ya rubuta lokacin yaƙin neman zaɓe a 1860, marubuta suka yi ta kwafa. Sai ga takardar safiyo: ranar 7 ga Mayu 1785 aka auna eka 400 ɗin nan a bakin Long Run, wani reshen rafin Floyd's Fork, kuma sunan Abraham na cikin waɗanda suka taya safiyo aikin. Mamaci ba ya taya aikin awo. A ɗaya ɓangaren, a Satumba 1786, lokacin da ake tara gudummawa don yaƙin da Janar George Rogers Clark zai kai wa 'yan asalin ƙasar a yankin kogin Wabash, an rubuta bindiga ɗaya da sunan matar marigayi Lincoln. Tsakanin waɗannan biyun ya mutu. Wanda ya matse tazarar shi ne Mordecai da kansa: a wata shari'ar fili da ya shigar daga baya, ya bayyana wa kotu cewa mahaifinsa ya rasu a watan Mayun 1786, bai bar wasiyya ba. Louis Warren, wani limamin coci da ya shafe shekaru yana bin ɗakunan ajiyar kotunan Kentucky, yana cikin waɗanda suka fito da irin waɗannan takardu fili a shekarun 1920.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne cewa gyaran yana cikin labarin bakan tun asali. An ba Abraham izinin aure a Yunin 1770, Mordecai ɗan fari ya zo a 1771. A 1784 bai kai shekara 14 ba. A Mayun 1786 ya kai. Gidan ya riƙe shekarun yaron da ya yi harbin, domin su ne gishirin labarin, ya saki shekarar kalanda da babu ruwan kowa da ita. Thomas kuwa, da aka haifa a Janairun 1778, yana da shekara takwas ne, ba shida ba.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a tazarar shekara biyu. Ai a nan ne dukan lamarin yake. A lokacin Virginia na bin tsohuwar dokar gadon Ingila: wanda ya mutu bai yi wasiyya ba, ƙasarsa kaf ta babban ɗa namiji ce. Matar na cin moriyar sulusi iya rayuwarta, sauran 'ya'ya su raba kayan ɗaki da dabbobi. Thomas Jefferson ya tsara dokar da za ta soke wannan, James Madison ya tura ta a majalisar jihar a 1785, amma aka ce ba za ta fara aiki ba sai 1 ga Janairu 1787. Kyaftin ya mutu saura wata bakwai da 'yan kwanaki. Ya bar filaye sama da eka 5,000 a rubuce, ya bar 'ya'ya biyar: Mordecai, Josiah, Mary, Thomas da Nancy. Doka ta miƙa wa Mordecai ƙasar gaba ɗaya. Ga wanda ya tashi inda ake kiran malamai su zauna su fitar wa kowane magaji kasonsa, wannan abu ne mai ɗaci, kuma ina ganin ya cancanci ɗacin.

Sauran dukiyar fa? Bathsheba ta kwashe yaran ta koma yankin Beech Fork kusa da wani ɗan'uwan mijinta, Hananiah Lincoln, shi ya sa takardun gadon suke kotun Nelson a Bardstown, ba a Louisville ba, hedikwatar gundumar Jefferson inda aka yi kisan. A 1789 masu ƙiyasi suka jera abin da ya bari: dawaki, shanu, garma, fartanyu, abin kaɗin zare, farantan dalma, tukunyar ƙarfe, zarto, gatari, bindigogi, katifun gashin tsuntsu. Duka bai kai fam 70 ba. Ba gidan matsiyata ba ne. A ma'aunin bakin daji ma gidan rufin asiri ne. Talaucin da shugaban ya sani ba gadonsa aka yi ba daga kaka da kakanni. Harsashi ɗaya da kwanan wata ɗaya suka haife shi. Thomas ya tashi yana ƙodago daga wannan gona zuwa waccan, ya koyi kafinta, da ƙyar yake sa hannu a takarda.

Kuma ko eka dubban nan, da yawansu na takarda ne. Virginia ba ta auna Kentucky kafin ta sayar ba. Kowa ya je ya zaɓi wuri, ya kwatanta iyakarsa da itace da dutse da bakin rafi, sai filaye suka hau kan juna, shari'a ta ƙi ƙarewa. Thomas ya sayi eka 238 a Mill Creek a 1803, da ya zo sayarwa aka ce 200 ce. Gonar Sinking Spring, inda aka haifi shugaban ranar 12 ga Fabrairu 1809, ta faɗa rikicin mallaka, haka ma ta Knob Creek. A ƙarshen 1816 ya tattara ya haye kogin Ohio zuwa Indiana, inda gwamnatin tarayya ke auna ƙasa murabba'i-murabba'i kafin ta sayar. Ɗansa ya ce bauta na cikin dalilan tashin, amma babban dalili rikicin takardun fili ne.

Komawa baya daga Virginia ya fi sauƙi, domin tsofaffin yankunan gabas sun fi adana takarda. Tun 1859 Lincoln ya ce ƙoƙarin haɗa gidansu da Lincoln ɗin New England, yankin da Massachusetts take ciki, bai haifar da komai ba sai kamannin sunaye irin su Mordecai, Enoch, Levi, Solomon da Abraham. Ya yi gaskiya da ya ƙi gina nasaba a kan suna. Gida ne da ke mayar da sunan kaka, kamar yadda ake yi a gidajenmu har a rasa wane Abubakar ake nufi sai an haɗa da laƙabi. A farkon kafuwar Hingham ma akwai Thomas Lincoln har huɗu, ana bambanta su da sana'a: mai niƙa, mai haɗa gangunan zuba kaya, masaƙi da manomi. Suna manuniya ce kawai. Hujja sai takardar da ta ce wane ɗan wane ne.

An samu irinta. A 1748 wani masaƙi, John Lincoln na gundumar Lancaster a Pennsylvania, ya sayar da eka 300 a New Jersey, takardar ta kira shi ɗa kuma magajin Mordecai Lincoln. Shi wannan Mordecai, mai harkar narka ƙarfe, ya auri Hannah Salter a New Jersey, ya koma Pennsylvania, ya gina gidan dutse a 1733 wanda ke tsaye har yau a gundumar Berks, ya mutu a 1736 ya bar wa John filin a wasiyya. Mahaifinsa, shi ma Mordecai, maƙeri ne a Massachusetts, wasiyyarsa ta 1727 ta ambaci 'ya'yansa Mordecai da Abraham, su biyun da suka ɓulla a New Jersey. Mahaifin maƙerin shi ne Samuel Lincoln, yaron masaƙi da ya baro yankin Norfolk na Ingila a 1637 ya zauna a Hingham. Daga Samuel zuwa Kyaftin Abraham tsatso biyar ne, kusan kowanne ya mutu nesa da inda aka binne cibiyarsa. Zaton Solomon ya tabbata, sai dai shugaban bai rayu ya ji ba.

Batun ɗariƙar Quaker kuma ya zama rabin gaskiya. A Berks, maƙwabtan Lincoln su ne gidan Boone, inda aka haifi Daniel a 1734, kuma su 'yan ɗariƙar ne. A 1760 wani ƙanen John, shi ma Abraham, ya auri Anne Boone. Majami'ar 'yan Quaker ta Exeter ta tuhume ta da laifin auren wanda ba ɗan ɗariƙa ba. Takardar ladabtar da amarya ita ta nuna cewa angon ba Quaker ba ne. Ɗariƙar ta shigo gidan ta wajen surukai da maƙwabta, bakin jikoki ya mayar da ita ta kakanni.

Inda takarda ta fi gazawa shi ne wajen mata. Magatakardan Augusta ya rubuta izinin auren Abraham ranar 9 ga Yuni 1770, bai ga dalilin rubuta sunan amarya ba. Wannan gurbi ya jawo ɓarna. Marubutan farko suka ce Mary Shipley ya aura. Da takardar 1780 ta fito da Bathsheba, maimakon a saki tsohuwar magana sai wasu suka ce mata biyu ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Babu takarda ko ɗaya ta zamanin da ta haɗa Kyaftin da wata Mary. Bathsheba ce a cinikin gona, ita ce a jerin harajin gundumar Washington a shekarun 1790, ita ce ta ƙarasa rayuwarta a gidan autarta Nancy a Mill Creek, inda kabarinta yake, a filin da yanzu ke cikin barikin soja na Fort Knox. Cewa 'yar gidan Herring ce ta Rockingham, wannan daga bakin zuri'ar Herring ya fito.

Irin wannan gurbin ya taɓa shugaban kai tsaye. A 1860 Samuel Haycraft, wanda ya daɗe yana magatakardan gundumar Hardin, ya rubuto masa yana ɗaukar matar ubansa a matsayin mahaifiyarsa, sai da Lincoln ya gyara masa cewa sunan mahaifiyarsa Nancy Hanks. An duba kundin Hardin ba a ga auren Thomas da Nancy ba, 'yan adawa da 'yan gulma suka samu abin yi, aka yi ta yaɗa cewa ba a ɗaura aure ba. A 1878, shekara 13 bayan kashe shugaban, aka duba kotun Springfield a gundumar Washington, inda Thomas ya girma. Ga takardar lamunin aure ta 10 ga Yuni 1806, da sa hannun Thomas da na Richard Berry a matsayin waliyyin amarya, ga kuma shaidar Jesse Head, limamin da ya ɗaura auren ranar 12 ga wata. Ba ɓata ta yi ba. A gundumar da ba ita ba aka nema.

Akwai waɗanda babu kotun da za a je a same su. Mutumin da Mordecai ya harbe ba shi da suna a ko'ina, alhali shi ma ɗan wani ne, wataƙila uban wani. Dajin da aka sayar fam 40 kowace eka 100 wurin farautar Shawnee da Cherokee da wasu al'ummun 'yan asalin ƙasar ne, kuma ofishin filaye na Virginia bai tambaye su ba. A Satumba 1781 an yi mummunan artabu a bakin wannan rafi na Long Run, a Agustan 1782 aka yi na Blue Licks. Cikin yaƙi Kyaftin ya kawo iyalinsa, kuma ya san haka. Duk wanda ya rubuta salsalar gidan ya tsallake wannan, ya rubuta rabi. Haka nan bayi. Jacob, ƙanen Kyaftin da ya zauna a Linville, da zuri'arsa sun mallaki bayi, haka Isaac da ya koma Tennessee. A maƙabartar gidan da ke kan tudu a Linville an binne wasu daga cikinsu tare da iyayen gijinsu, kuma a takardun gado sunan yanka kaɗai ake ba su, da farashi a gefe, a shafi ɗaya da dawaki da shanu.